Ado, Toshi da Sadaukar da Rai: Yadda Dabbobi Ke Neman Aure

Gabatarwa

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Hausa ya san Gizo da matarsa Ƙoƙi. A tatsuniya Gizo ne gwanin wayo, shi ke shirya cuta, shi ke cinye abinci ya bar Ƙoƙi da haƙuri. To, amma da za a ajiye tatsuniya a shiga gona a duba ainihin halittun da ke ɗauke da waɗannan sunaye, wato gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi, da an tarar labarin ya sha bamban. A wurin ƙoƙi-ƙoƙi da wasu ire-iren gizo-gizo, namiji ne ke zuwa neman aure da ransa a hannu, domin wani lokaci amarya takan cinye ango tun ba a watse daga biki ba.

Irin wannan abin mamaki yana da yawa a duniyar dabbobi. Akwai tsuntsun da ke gina rumfa ya ƙawata ta da shuɗɗan kayayyaki, akwai kifin da ke zane a kan yashi, akwai kuma wanda ke manne wa matarsa har jikinsu ya zama ɗaya. Wanda ya ji waɗannan labarai a warwatse zai ɗauka shirme ne kawai na halittun da ba su da hankali. Amma ruwa ba ya tsami banza. Binciken da masana ilimin halittu suka shafe fiye da shekara 150 suna yi ya nuna cewa akwai ƙa'ida guda da ke bayyana mafi yawan waɗannan ɗabi'u, ita ce: tsakanin namiji da mace, wanda ya fi ɗaukar wahalar 'ya'ya shi ke zaɓe, wanda ake zaɓa kuwa shi ke biyan farashi.

Wutsiyar da Ta Dami Darwin

A shekarar 1859 Charles Darwin, masanin halittu na ƙasar Ingila, ya wallafa ra'ayinsa cewa halittar da siffofinta suka fi dacewa da muhallinta ita ta fi tsira, ita kuma ta fi barin zuriya. Sai dai ɗawisu ya tsaya masa a rai. Dogon gashin bayan namijin ɗawisu nauyi ne gare shi, yana kuma tallata shi ga maƙiyansa. Ta yaya abin da ke jawo wa mai shi haɗari zai ɗore daga kakanni zuwa jikoki? A shekarar 1871 Darwin ya ba da amsa. Ya ce tsira kaɗai ba ta isa ba, sai an sami abokin barbara. Namijin da ya daɗe a duniya amma bai haihu ba, siffofinsa sun tafi tare da shi. Wanda kuwa ya mutu da wuri bayan mata sun zaɓe shi, siffofinsa na nan a jikin 'ya'yansa.

Saura tambaya guda: me ya sa galibi mace ce ke zaɓe? A shekarar 1972 Robert Trivers na ƙasar Amurka ya danganta abin da yawan jarin da kowane ɓangare ke zubawa. Ƙwan jimina guda yakan kusa kilo ɗaya da rabi, alhali ƙwayar maniyyin da ke haɗuwa da shi sai da madubin ƙara girma ake ganinta. A wurin dabbobi masu shayarwa kuma, mace ce ke ɗaukar ciki, ita ke ba da nono. Saboda haka idan mace ta yi kuskuren miji, ta yi asarar watanni, wani lokaci shekara guda cur. Namiji kuwa asararsa ba ta taka kara ta karya ba, gobe ma yana iya neman wata. Wannan bambanci shi ke sa mace ta tsaya ta tantance, maza kuma su yi ta gasa, ko dai ta hanyar faɗa irin na raguna, ko ta hanyar ado da waƙa da rawa. Jan gwadan da ke ɗaga kai yana saukewa a kan katanga yana yin abu biyun ne a lokaci ɗaya: gargaɗi ga sauran maza, talla kuma ga mata.

Gwajin Almakashi da Gam

Faɗar ra'ayi daban, tabbatar da shi daban. An yi fiye da shekara 100 ana gardama a kan ko da gaske macen tsuntsu tana duba ado kafin ta yarda da namiji. A shekarar 1982 ne Malte Andersson, masani daga ƙasar Siwidin, ya bayyana sakamakon wani gwaji mai sauƙi da ya yi a tsaunin Kinangof na ƙasar Kenya. Akwai wani baƙin tsuntsu a can wanda namijinsa ke fitar da wutsiya mai tsawon kimanin santimita 50 a lokacin barbara, kamar dai yadda zalaidu ke yi da damina a ƙasar Hausa.

Andersson ya kama maza 36 ya kasa su huɗu. Kashi na farko ya rage musu wutsiya zuwa kimanin santimita 14. Gashin da ya yanke sai ya liƙa wa kashi na biyu da gam, wutsiyarsu ta kai kimanin santimita 75. Kashi na uku ya yanke ya sake liƙawa yadda take, domin a tabbata ba yankan ko gam ɗin ne ke kawo canji ba. Kashi na huɗu bai taɓa wutsiyarsu ba. Daga nan ya saki kowa, ya shiga ƙidayar sababbin sheƙunan da mata suka yi a yankin kowane namiji. Masu wutsiyar aro su suka fi kowa samun mata, masu gundumi kuwa suka zo a baya. Har ila yau, rage wutsiya bai sa namiji ya rasa yankinsa ga wasu maza ba. Ke nan wutsiyar domin idon mata take.

Me mace ke ƙaruwa da shi idan ta zaɓi mai ado? Masana sun kawo bayani iri biyu. Ronald Fisher, a shekarar 1930, ya ce idan mata suka fara son wata siffa, wadda ta auri mai siffar za ta haifi 'ya'ya maza masu farin jini, a haka siffar da son ta za su yi ta ƙaruwa tare. Amotz Zahavi, a shekarar 1975, ya ce tsadar adon ita ce shaidar gaskiyarsa, domin lafiyayye ne kaɗai zai iya ɗaukar nauyinsa ya kuma tsira. Cewa adon na da tsada kuwa, wani ɗan kwaɗo na ƙasar Fanama ya isa misali. Michael Ryan da Merlin Tuttle sun nuna a farkon shekarun 1980 cewa idan namijin ya ƙara wani gajeren sauti a ƙarshen kukansa, mata sun fi zuwa gare shi. Sai dai akwai wani jemage mai cin kwaɗi wanda shi ma wannan sautin ya fi bi. Saboda haka kwaɗon da ke shi kaɗai yakan taƙaita kuka, sai kishiyoyi sun yi yawa yake sayar da rai ya ƙara.

Magina da Masu Zane

Wasu mazan ba a jikinsu adon yake ba, a aikin hannunsu yake. Misali mafi kusa shi ne kabare, tsuntsun nan mai ruwan ɗorawa da baƙin kai wanda ke cika bishiyoyin gari da sheƙuna da hayaniya a lokacin damina. Namiji ne ke yago ɗanyen ganyen ciyawa ko na dabino ya saƙa sheƙa, yakan kuma gama ta cikin kamar yini guda. Idan mace ta iso, sai ya rataya a ƙarƙashin sheƙar kai ƙasa, yana kaɗa fukafukai yana kuka. Ita kuma ta shiga ta duba, tana jan saƙar da baki. In ta gamsu, ta kawo lallausar ciyawa ta yi shimfiɗa. In kuwa sheƙar ta yi kwanaki ba wadda ta karɓa har ta bushe, shi da kansa zai warware ta ya sake sabuwa, domin mata sun fi son kore shar. A nan zaɓen mace na da dalili bayyananne: a cikin sheƙar za ta yi ƙwai, saƙar da ba ta da ƙarfi kuwa iskar hadari za ta zubar da ita.

A ƙasar Ostareliya da tsibirin Niyu Gini akwai wasu tsuntsaye da ake iya kira masu rumfa, waɗanda nasu ginin ba a kwana a ciki, ba a kuma yin ƙwai. Namiji yakan kafa tsinkaye layi biyu a ƙasa kamar soro, ya share fili a gabansa, ya jera kayan ƙawa. Wani iri daga cikinsu shuɗi yake so: gashin aku, furanni, har da murafun kwalba da tsinken shan lemo idan yana kusa da gari. Maza sukan yi wa juna sata, sukan kuma rushe rumfar maƙwabci idan ya fita kiwo. Wani irin kuma yakan jera duwatsu da ƙasusuwa, ƙanana kusa da bakin rumfa, manya daga nesa, ta yadda filin zai yaudari idon macen da ke tsaye a ciki. A shekarar 2010 John Endler da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa da suka juya wannan jeri, tsuntsayen sun mayar da shi yadda yake cikin kwana 3. Bayan barbara mace takan tafi ta yi sheƙarta ita kaɗai, ta reni 'ya'ya ita kaɗai. Abin da ta samu daga namijin shi ne ƙwayoyin gado kurum, rumfar kuwa jarrabawa ce ta auna ingancinsu.

A ƙarƙashin teku ma akwai gwani. A shekarar 1995 masu nutso suka fara ganin wasu da'irori masu faɗin kimanin mita 2 a kan yashi kusa da tsibirin Amami na ƙasar Japan, an tsara su da kunya-kunya kamar zanen faifai. Sai a shekarar 2011 aka gano mai aikin: wani ɗan kifi ne dangin talibamban, wanda tsawonsa bai wuce santimita 12 ba. Yakan shafe kwana 7 zuwa 9 yana ninƙaya daga gefe zuwa tsakiya, yana tone yashi da fukafukansa, sa'an nan ya ƙawata tudun kunyoyin da ɓarɓashin katantanwa. Tsarin yana tara lallausan yashi a tsakiya, inda macen da ta yaba za ta zuba ƙwai, shi kuma ya tsaya gadi har su ƙyanƙyashe.

Toshi, na Gaskiya da na Ƙarya

Kamar yadda saurayi ba ya zuwa zance hannu rabbana, haka wasu ƙwari da tsuntsaye ke kai toshi. A nahiyar Turai akwai wani gizo-gizo wanda namijinsa ke kama ƙuda, ya naɗe shi da farin zarensa, ya miƙa wa mace. Yayin da take ci shi kuma yana barbara, iya girman toshi iya tsawon lokacin da zai samu, iya kuma yawan ƙwan da zai zama nasa. Idan macen ta nemi ta gudu da kyautar, yakan sandare kamar matacce yana riƙe da ƙullin, ta yi ta jan sa, sai ta zauna ci ya farfaɗo.

A nan ne halin Gizo na tatsuniya ya bayyana. Wani binciken da aka wallafa a shekarar 2011 ya nuna cewa wasu mazan sukan naɗe busasshen ɓawon ƙwaro da suka riga suka tsotse, ko guntun tsiro, su kai a matsayin toshi. Mace takan karɓa, tunda ba ta ganin abin da ke ciki. Amma da zarar ta gane ba komai, sai ta katse saduwar, mayaudarin ya tashi da ɗan abin da ya samu. Wannan ya nuna cewa neman aure a wurin dabbobi ciniki ne tsakanin ɓangarori biyu masu bukatu mabambanta, kowa na ƙoƙarin kada a cuce shi.

Auren da Ke Cin Rai

Mafi tsadar toshi shi ne jikin ango. Namijin ƙoƙi-ƙoƙi ya fi macen ƙanƙanta, kuma yakan tunkare ta a hankali ta baya, yana tsayawa cik duk lokacin da ta waiwayo. An lura cewa ya fi yin taka-tsantsan idan tana jin yunwa. Duk da haka, a nau'o'in da aka bincika a daji, tsakanin kashi 13 zuwa 28 cikin 100 na haɗuwarsu kan ƙare da cinye namiji. Takan fara ne daga kai, amma barbarar ba ta tsayawa, domin jijiyoyin da ke tafiyar da ita a cikin ciki suke, ba a ƙwaƙwalwa ba. A shekarar 2016 William Brown da Katherine Barry suka bi sawun sinadaran jikin namiji, suka tarar da kaso mai yawa nasu ya ƙare a cikin ƙwai, kuma macen da ta ci mijinta ta fi yawan ƙwai. Ke nan uban ya zama abincin farko na 'ya'yansa, ko da yake ba da son ransa ba.

Akwai kuma wanda da son ransa ne. A Ostareliya akwai wani gizo-gizo mai dafi, mai jan zane a baya, wanda nauyin namijinsa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na macen ba. Ana cikin barbara sai ya yi alkafura ya ɗora cikinsa daidai bakinta. Maydianne Andrade ta nuna a shekarar 1996 cewa a cikin kashi 65 cikin 100 na irin wannan haɗuwa macen takan cinye shi, kuma wanda aka cinye ya fi daɗewa yana barbara, ya fi samun 'ya'ya, macen kuma ba ta cika karɓar wani namiji bayansa ba. Daga baya ta gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mazan sukan mutu a hanya ba su taɓa isa ga mace ba. Wanda ya yi sa'ar samun ɗaya, da wuya ya sami ta biyu, don haka ajiye rai domin gobe ba shi da riba gare shi.

Masu kiwon zuma ma suna da irin wannan labari a cikin amyarsu. Namijin ƙudan zuma ba ya ɗebo ruwan fure, ba ya harbi. Aikinsa guda ne: ya bi sabuwar sarauniya idan ta fita shawagin aure. A sararin sama ake saduwa, gaɓarsa ta tsinke ta zauna a jikinta, shi kuma ya faɗo matacce. Sarauniyar takan sadu da maza 10 ko fiye, ta adana maniyyinsu a wata 'yar jaka, ta yi ta amfani da shi tsawon shekarun rayuwarta. Mazan da ba su dace ba kuwa, ma'aikata kan kore su daga amya idan abinci ya yi ƙaranci.

A can cikin zurfin teku, inda hasken rana ba ya kaiwa, matsalar ita ce haɗuwar kanta, domin duhu ne kuma halittu a warwatse suke. Akwai wani kifi a can wanda macensa ke ɗauke da wani tsinke mai haske a goshi tana yaudarar abinci da shi. A shekarar 1922 wani masani na tsibirin Ayisland, Bjarni Saemundsson, ya ga ƙananan kifaye biyu manne da cikin wata babba, ya zaci 'ya'yanta ne. A shekarar 1925 Charles Tate Regan na gidan adana kayan tarihin halittu da ke Landan ya feɗe irinsu ya tarar mazaje ne. A wasu nau'o'in wannan kifi, idan namiji ya sami mace sai ya cije ta, fatarsu ta haɗe, hanyoyin jininsu su zama ɗaya, idanunsa su lalace, ya koma rayuwa da abin da ta ci. An taɓa samun mace ɗauke da maza 8. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne yadda jikinta ba ya ƙin baƙon nama, alhali a wurin ɗan Adam dashen ƙoda ma sai da magungunan danne garkuwar jiki. A shekarar 2020 aka gano cewa waɗannan kifaye sun rasa wasu muhimman ƙwayoyin gado na garkuwar jiki, waɗanda sauran dabbobi masu ƙashin baya ke dogara da su.

Inda Reshe Ya Juye da Mujiya

Idan ƙa'idar da aka ambata gaskiya ce, to duk inda namiji ya fi ɗaukar wahalar 'ya'ya ya kamata a ga mata na gasa a kan maza. Haka kuwa abin yake. A fadamun Haɗeja da Nguru da gaɓar Tafkin Chadi akwai wani tsuntsu mai jan-ƙasa-ƙasan jiki da shuɗin goshi, mai dogayen yatsu, wanda ke tafiya a kan ganyen bado. Masana na kiransa jakana. Macen ta fi namijin girma nesa ba kusa ba, ita ke tsare yanki, tana kuma iya auren maza da dama a damina guda. Takan yi wa wannan ƙwai 4 ta wuce wurin wancan. Namiji ne ke kwanci, shi ke reno, idan ya ga haɗari kuma ya kwashe 'yan tsaki a ƙarƙashin fukafukansa ya gudu, ƙafafunsu na reto.

A teku kuma akwai dokin teku da danginsa masu siririn jiki kamar tsinke, waɗanda mace ke zuba ƙwai a cikin wata jaka ko a kan fatar cikin namiji, shi ya yi goyon ciki har ya haihu. A wasu nau'o'in masu siririn jikin, mata ne ke fitar da ado, maza su zaɓi wadda ta fi girma.

Inda wahalar ta hau kan kowa kuwa, sai ka ga namiji da mace sun yi kama, kuma kowa na tantance ɗan'uwansa. Gauraka, wadda ta yi ƙaranci ƙwarai a Nijeriya saboda kamu da ɓacewar fadamu, misali ce: mace da namiji ado ɗaya gare su, tare suke rawa, tare suke kwanci. Cilakowa kuma takan shiga kogon itace ta toshe ƙofar da laka da kashinta, ta bar 'yar tsaga. A ciki takan zubar da manyan gashin fukafukanta, ta zauna makonni ba ta da abinci sai wanda mijin ya miƙo. Shi ya sa tun kafin ta shiga yakan yi ta kawo mata ƙwari da 'ya'yan itace. Wadda za ta danƙa ranta a hannun wani, dole ta fara gwada shi.

Amfanin Wannan Ilimi

Mai karatu na iya tambaya: ina ruwan manomi ko makiyayi da auren ƙwari? Amsar tana wurin ƙudan tsando, mai yaɗa sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane. Macen tsando galibi sau ɗaya take barbara, a farkon rayuwarta, ta adana maniyyi ta riƙa haihuwar tsutsa guda duk bayan kimanin kwana 10. Idan kuwa namijin da ta fara haɗuwa da shi ba ya haihuwa, to ta tashi a banza.

Edward Knipling na Amurka ne ya fara tunanin amfani da irin wannan rauni. A kiwata ƙwari a ɗakin bincike, a haska maza da hasken nukiliya har ƙwayar haihuwarsu ta mutu amma kuzarinsu na nan, a sake su da yawa su rinjayi na daji. An fara cin nasara a shekarar 1954 a tsibirin Kurasawo, a kan wani ƙuda da tsutsarsa ke cin naman dabba da ranta. Da wannan ƙuda ya ɓulla a Libiya a shekarar 1988, aka ji tsoron kada ya bazu cikin Afirka. An yi ta jigilar ƙudaje marasa haihuwa daga Meksiko, fiye da biliyan 1, ana sakinsu ta jirgin sama, har aka kawar da shi a shekarar 1991. A tsibirin Unguja na Zanzibar an saki mazan tsando kimanin miliyan 8 da rabi tsakanin 1994 da 1997, tsandon ya ƙare, sammore ya bi shi. A Nijeriya ma an yi irin wannan aiki a shekarun 1980, inda aka kiwata tsando a Vom aka sake shi a wani yanki mai faɗin murabba'in kilomita 1,500 kusa da Lafiya. An kawar da nau'in da aka nufa, sai dai da yake yankin ba tsibiri ba ne, bayan an daina aikin wasu sun sake shigowa daga maƙwabta.

Sauron zazzaɓin cizon sauro ma ana bin sa ta wannan hanya. Mazansa sukan taru da magariba su yi ta shawagi a wuri guda kullum, wasu a saman fili, wasu a saman rijiya ko tarin itace. Mace ta ratsa taron, namiji ya gane ta da amon fukafukanta, ita ma kuma galibi sau ɗaya take barbara. Masana a Burkina Faso sun zana taswirar irin waɗannan matattara a ƙauyuka, sun kuma nuna cewa fesa musu magani a daidai wannan lokaci na rage yawan sauro.

Kammalawa

Daga wutsiyar tsuntsun Kenya zuwa alkafurar gizo-gizon Ostareliya, tambaya ɗaya ce ke buɗe kowane ƙulli: wa ya fi zuba jari a kan 'ya'ya, kuma me ɗayan zai biya kafin a karɓe shi? Ƙa'idar ba ta rufe ƙofar bincike ba. Ko a kan ɗawisu, sakamakon da aka samu a Ingila a shekarun 1990, cewa mata na fifita mai yawan idanu a gashi, bai yi daidai da wanda aka wallafa daga Japan a shekarar 2008 ba, masana kuma na ci gaba da gwaje-gwaje.

Abin lura ga malamai shi ne, Andersson bai bukaci komai ba face almakashi da gam da littafin rubutu. Makarantar da ke da bishiyar da kabare ke sauka tana da ɗakin bincike kyauta. Ana iya raba ɗalibai rukuni-rukuni da damina, kowane rukuni ya ɗauki reshe guda, ya riƙa rubuta kullum da safe adadin sheƙuna kore da busassu, da waɗanda mata suka shiga, da waɗanda aka warware aka zubar ƙasa. Bayan mako 3 sai a haɗa alƙaluman a kan allo, ɗalibai su yanke hukunci da kansu a kan irin sheƙar da mace ke so. Gani ya kori ji.